Idan ƙashi ya tsage ana cikin aikin canjin gwiwa

Duk wanda zai kai tsohuwarsa aikin canjin gwiwa, tambayoyinsa ba sa wuce nawa ne kuɗin, wace ƙasa ce ta fi iyawa, kuma yaushe za ta tashi ta taka. Ban cika jin wanda ya tambayi lafiyar ƙashin da za a ɗora wa ƙarfen ba. Alhali a kan wannan ƙashi aikin gaba ɗaya zai zauna, kuma yana iya tsagewa ko ya karye tun mutum yana kan gadon tiyata, kafin ma a ɗinke fata.

Aikina gashin ƙashi ne, a Kano. Ba ni nake yanka ba, ba ni nake sa ƙarfe ba. Sai likitan tiyata ya gama nasa sannan a miƙo mini mutum in koya masa lanƙwasa ƙafa da miƙewa da tafiya. Shi ya sa maganar nan take damuna, don gwiwar da ta tsage a ciki ba a yi mata irin gashin da ake yi wa wadda ta fito lafiya. Daga baya kuma abin ya shigo har gidanmu, ya faɗa kan Gwaggo, yayar mahaifina.

Gwaggo ta daɗe da ba shekara 60 baya, kuma a garinmu take zaune. Amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsin gwiwoyinta biyu har ƙashi yana gogar ƙashi. Ƙafar dama ta yi baka. Sallah ta koma kan kujera, tsakar gida ma sai da dafa bango. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta daina zuwa gaisuwar mutuwa da barka, ita da ba a yin sha'ani a dangi babu ita. Babban ɗanta ya haɗa abin da ya haɗa, ya kai ta Alƙahira, kamar yadda mutanenmu da yawa suke yi. Da yammacin ranar aikin ya kira ni, muryarsa tana rawa.

"Likita, wai ƙashin Hajiya ya tsage suna cikin aiki, sun ɗaure shi da noti. Ki gaya mini gaskiya, wannan ba ganganci ba ne?"

Na ce, "Yaya, wa ya gaya maka?"

Ya ce likitan ne da kansa ya fito ya same shi, ya zaunar da shi, ya nuna masa hoton. Na ce to ya fara gode wa Allah a kan wannan, sauran bayani ya biyo baya.

Mutane da yawa suna zaton cire gwiwar ake yi ɗungurungum a dasa wata. Ba haka ba ne. Ana tsaga gaban gwiwa, a ture ƙoƙon gwiwar zuwa gefe, a lanƙwasa ƙafar sosai har kawunan ƙasusuwan su bayyana. Sai a sa zarto a shafte saman da ya lalace, a ƙarshen ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri. Kaurin abin da ake cirewa bai cika wuce santimita 1 ba. Ƙashin cinya a yi masa hular ƙarfe, na ƙwauri a shimfiɗa masa farantin ƙarfe mai 'yar ƙafa da ke nutsewa cikin ƙashin, a tsakaninsu kuma a sa wata roba mai tauri wadda ke tsayawa a madadin guringuntsi. Galibi da wani siminti na musamman ake manne ƙarfen, kuma yana ƙamewa cikin minti 10 zuwa 15. Kafin a sa na gaskiyan sai an sa na gwaji, a lanƙwasa, a miƙe, a cire, a gyara yanka, a sake sawa, har ma'auni ya zauna daidai. Wannan sawa da cirewar kuwa da guduma ake yi. Waɗanda aka yi wa allurar baya ba a sa su barci ba sukan ce mini da kunnensu suka ji bugun.

Kafinta ya san bambancin buga ƙusa a lafiyayyen katako da bugawa a wanda gara ta ci cikinsa. Ƙarfin bugun ɗaya ne, katakon ne ba ɗaya ba.

Inda na Gwaggo ya tsage wuri ne da likitocin ƙashi suka sani sarai. Ƙarshen ƙashin cinya a rabe yake dunƙule biyu, na ciki da na waje. Akwai nau'in gwiwar ƙarfe da ake yawan sawa, wanda Dakta John Insall da injiniya Albert Burstein suka fito da shi a Niyok a 1978. A wannan nau'in ana cire jijiyar da ke riƙe gwiwa ta baya, a bar ƙarfen da robar su yi aikinta. Don haka sai an yanke wani gurbi mai kusurwa huɗu a tsakanin dunƙulen biyu, inda ƙarfen zai zauna. Tsari ne mai kyau, miliyoyin mutane suna tafiya a kansa. Amma mace mai ƙaramin jiki ƙashinta siriri ne, idan aka cire gurbin abin da ya rage a kowane gefe ba shi da faɗi. Gurbin ya ɗan matse kaɗan, aka buga ƙarfen gwaji, sai ya buɗa ƙashin. Haka aka yi wa Gwaggo, dunƙulen ciki ne ya tsage.

Abin ba ya yawan faruwa, amma sananne ne kuma an ƙirga shi. Likitocin asibitin Mayo da ke Amurka sun bi bayanan aikin canjin gwiwa 17,389 da aka yi daga 1985 zuwa 2005, suka wallafa sakamakon a 2010. Sun sami karaya 67 a jikin mutum 66, wato kusan 4 cikin kowane aiki 1,000. Cikin mutum 66 ɗin nan 54 mata ne. Karaya 49 a ƙashin cinya take, 18 a ƙwauri. Sun kuma duba lokutan da abin ya fi faruwa: 26 wajen buɗe gwiwa da yanka ƙashi, 22 wajen sa ƙarfen gwaji, 13 wajen mannewa da siminti. Duka karayar sun haɗe. Sai dai mutum 14 cikinsu sai da aka sake yi musu aiki a gwiwar daga baya. Na karanta wa Yaya wannan duka a waya, har da na ƙarshen, don ba na son in kwantar masa da hankali da rabin magana. Idan a asibiti irin wannan ma yana faruwa, to tsagewar ƙashi ita kaɗai ba ta isa a ce likita ya yi ganganci ba. Kuma ba ƙaramin abu ba ne da za a ce a manta kawai.

Ba na wanke likitoci gaba ɗaya. Akwai mai gaggawa, akwai mai nauyin hannu, akwai wanda zartonsa zai zarce ya ci gaban ƙashin cinya ya bar gurbi, wanda kan iya zama mafarin karaya nan gaba. Amma a yawancin waɗanda suka biyo ta hannuna, raunin ya riga tiyatar da shekaru.

Na Gwaggo a cikin leda yake. Ta yi shekaru tana aika yaro kemis ya karɓo mata "haɗin ciwon jiki", ƙwayoyi kala-kala a ƙulle, babu kwali babu suna. Tana sha sai ta ji garau, ta tashi ta yi shara. Fuskarta ta cika ta yi zagaye, mata suna ce mata hutu ya karɓe ta. A cikin ƙullin nan akwai deksametason, wadda 'yan kemis ke kira deksa, ɗaya daga magungunan sitiroyid, ita da 'yar'uwarta firedinisolon. Magunguna ne masu amfani ƙwarai a hannun likita, suna ceton rai a asma da wasu cututtuka. Amma idan aka daɗe ana sha suna rage aikin ƙwayoyin da ke gina sabon ƙashi, su hana hanji tsotsar kalsiyam yadda ya kamata, su sa a riƙa zubar da shi a fitsari. Wanda ya yi wata 3 yana sha kullum, likitoci sun fara jin tsoron ƙashinsa ke nan. Ina ga wadda ta yi shekaru, ga shi al'ada ta daɗe da ɗauke mata, wanda shi ma kansa yana zaizaye ƙashin mace, ga ciwo ya zaunar da ita a ɗaki, ba tafiya ba rana. Ƙashi yana son a taka shi, fata kuma da hasken rana take haɗa bitamin D.

Kafin aikin an tambaye ta magungunan da take sha. Ta ce na hawan jini kaɗai. Ba ƙarya ta yi ba a ganinta, don a wurinta magani shi ne wanda likita ya rubuta a kati, na kemis kuwa ɗan taimako ne. Ita kanta ba ta san abin da ke cikin ƙullin ba. Sai bayan likitan ya ji laushin ƙashin a hannunsa ya sake tambaya, sannan maganar ta fito. Da an sani tun farko, da an auna ƙarfin ƙashin, da mai yiwuwa an jinkirta aikin an fara yi masa magani, ko a shiga da shirin dogon ƙarfe da hannu mai sauƙi. Mai ba da maganin barci ma yana buƙatar sani, domin jikin da ya saba da sitiroyid yakan rage haɗa nasa, kuma jini na iya faɗuwa a tsakiyar aiki. Saboda wannan dalilin ne ma ba a yanke shan sa rana ɗaya. Duk wanda ya karanta wannan ya gane tsohuwarsa tana sha, kada ya ƙwace ya zubar. Ya ɗauki ledar yadda take ya kai wa likita, a janye ta a hankali.

Raina yana ɓaci in na tuna irin wannan ƙwaya ce 'yan mata ke haɗiya da sunan sha-ka-fashe don su yi ƙiba. Ƙashin mutum yana gama tara ƙarfinsa ne wajen shekara 30, daga nan abin da aka tara ake ci. Yarinyar da ke zaizaye nata tun tana 20, da me za ta tsufa?

Ba sitiroyid kaɗai ba ne. Masu amosanin da ke kumbura gaɓɓai tun suna da ƙuruciya, da wanda ya taɓa karyewa kusa da gwiwar ko aka taɓa sa masa ƙarfe a wurin, da wanda gwiwarsa ta ƙage ba ta lanƙwasuwa sai an yi da ƙarfi kafin a buɗe ta, duk haɗarinsu ya fi na sauran. Haka wanda za a cire wa tsohon ƙarfe a sa sabo, don ɓamɓare ƙarfen da siminti ya kama yakan taho da ƙashi. Mu kuma tsofaffinmu ba sa zuwa da wuri. Sai ƙafa ta karkace, an gama shafe-shafe da tsaga da haɗin kemis, sannan a zo.

Idan likita ya ga tsagewar a take, gyaranta ba ya gagara. Zai mayar da ɓangaren mazauninsa ya ɗaure da noti, in ta yi tsawo ya ƙara da farantin ƙarfe, ko ya sa gwiwa mai doguwar ƙafa wadda za ta shige cikin ƙashin ta wuce wurin da ya tsage, nauyi ya bi ta kanta. Ƙaramar tsaga wadda ba ta motsa ba wani lokaci barinta ake yi, a sa takalmin gwiwa, a hana taka ƙafar da ƙarfi. Wadda nake tsoro ita ce wadda ba a gani ba, ko aka gani aka yi shiru.

An taɓa kawo mini wata baiwar Allah da aka yi wa aikin a waje. 'Ya'yanta ba su dawo da komai ba sai rasit da ledar magani. Suka ce ciwo ya ƙi sauka, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa, har sun sa mai tausa yana zuwa yana danna ta. Na ce ba zan taɓa ta ba sai na ga hoto. Hoto ya fito, ga noti a kwance a ƙashin ƙwauri ƙarƙashin farantin. Ba wanda ya gaya musu, ko kuma an faɗa da harshen da ba su ji ba, tafinta ya haɗiye. Da na kama ƙafar nan na lanƙwasa yadda nake yi wa kowa, Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da gwiwar ƙarfe sai na ga hoton bayan aiki kafin in sa hannu, ko da zai ji haushina.

Don haka duk mai rakiyar majiyyaci, kada ya baro asibiti sai da rubutaccen bayanin abin da aka yi a ɗakin tiyata, da Turanci in ƙasar Larabawa ce, da hotunan ƙashi, da 'yan takardun nan masu manne da ke zuwa cikin kwalin ƙarfen, masu ɗauke da sunan kamfani da lamba da girma. Ranar da za a buƙaci gyara, likitan gida da su zai san abin da ke cikin ƙafar. Kuma ya buɗe baki ya tambaya: an sami matsala a cikin aikin? Nawa ne nauyin da aka yarda ta ɗora wa ƙafar, kuma har zuwa yaushe? Wannan ba rashin kunya ba ne. Mu muna da kawaici a gaban likita, muna ganin tambaya kamar tuhuma ce, alhali likitan kirki yana jin daɗin mai tambaya.

Wanda aikinsa ya tafi lafiya, a ranar ko washegari ake tayar da shi ya taka. Gwaggo kuwa aka ce sati 6 yatsu kawai za ta riƙa taɓa ƙasa da su, nauyin ya tafi kan sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. Wannan ya rusa lissafin Yaya gaba ɗaya: canjin tikiti, ƙarin kuɗin haya, ƙarin hotuna. Ga tsoron daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda ke ƙaruwa idan mutum ba ya motsi, balle a ce zai zauna awanni a jirgi. Aka ci gaba da ba ta maganin tsinka jini, ni kuma ina kiran bidiyo ina sa ta motsa idon sawu sama da ƙasa, tana matse naman cinya tana saki. A gidan da suka sauka akwai wasu matan Najeriya da aka yi musu aiki tare, tana ganinsu suna zagaya falo. Wannan ya fi ciwon yi mata zafi. Ta ce mini, "'Yar nan, ni kaɗai ce tawa ta zo da gardama." Na ce, "Gwaggo, taki ma tana tafe, hanyarta ce ta fi tsawo."

Da suka dawo ta sauka gidan Yaya, aikin ya dawo hannuna. A nan wahalar take, don abu biyu ne ke jan juna. Gwiwar da aka yi wa aiki idan ba a lanƙwasa ta da wuri ba, tabon ciki yakan kama ta ta ƙage, daga baya sai an sa mutum barci an lanƙwasa da ƙarfi, wanda shi ma yana iya karya ƙashi mai rauni. Ga kuma tsaga da ke son a bar ta ta haɗe. Sai na bar ta ita take jan ƙafar da kanta, tana zamar da diddige a kan katifa, ni ina tallafe kawai, ba na dannawa. Muka fara neman miƙewa sosai, don ƙafar da ba ta miƙe ba ɗingishi za ta yi har abada. Sannan muka nemi lanƙwasawar digiri 90, wanda da shi ake zama a kujera a tashi, muka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ba mu ƙara nauyi a ƙafar ba sai da sabon hoto ya nuna ƙashin ya kama, likitan ƙashi na nan gida ya ba da izini.

Gidan ma sai da aka gyara shi. Aka sa masai na zama da ƙarfen dafawa a bango, aka ɗauke ƙananan dardumai daga hanya, aka ɗaga katifarta kan gado, aka ajiye mata tocila a gefen matashi saboda ɗauke wuta da dare. Dalili shi ne, ƙashin da ke daf da saman ƙarfen yana iya karyewa ko bayan shekaru, kuma sau da yawa ɗan zamewa ne a banɗaki ke jawo shi. Wata maƙwabciya ta kawo shawarar a kira mai ɗori ya duba ta, tunda an ce karaya ce. Ina girmama masu ɗori, da yawa cikinmu sun ci moriyarsu. Amma ƙafar da ke da ƙarfe da siminti da noti a ciki ba ta ja ba ce, ba ta kara da tsumma ba ce, ba ta tsaga ba ce. Ƙwayar cuta in ta shiga ta zauna a jikin ƙarfe, sau da yawa sai an cire shi gaba ɗaya kafin a rabu da ita.

Tambayar da ta fi yi mini ita ce yaushe za ta kai goshinta ƙasa. Ban yi mata alƙawari ba. Da yawa daga masu gwiwar ƙarfe durƙuso yana yi musu wuya ko da komai ya tafi daidai, zaman tahiya kuwa yana son lanƙwasawar da ba kowace gwiwar ƙarfe ke kaiwa ba. Na tuna mata abin da ta fi ni sani, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune. Yanzu tana tsayuwa ta yi karatu da ruku'u, ta zauna a kujera ta yi sujada. Tana tafiya da sanda ɗaya, ta koma shiga mutane.

Saura gwiwar hagu, ita ma ta lalace, kuma Gwaggo tana son a yi a huta. Likitan ƙashin ya ce a dakata. An yi mata hoton auna ƙarfin ƙashi, makinta ya faɗi ƙasa da -2.5, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tun 1994 don a ce ƙashi ya zaizaye. An janye ta daga deksa a hankali, an duba sukarinta don wannan ƙwaya tana tayar da shi, an ɗora ta kan kalsiyam da bitamin D da wata ƙwaya ta sati-sati wadda ake sha da sassafe kafin a karya, da cikakken kofin ruwa, kuma ba a kwanciya sai bayan minti 30. Jikokinta suna fito da ita hantsi, ana ba ta kindirmo da miyar kuka da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. An yanke shawara a nan gida za a yi na biyun, kusa da likitan da zai ci gaba da ganinta, kuma ya ce ranar aikin zai shiga da gwiwa mai doguwar ƙafa da noti a ajiye a kan tebur tun kafin ya fara yanka. Za a sake auna ƙashin kafin a sa rana.